Rabo da Kwaɗin Gabashin Tabki

Ina cikin ɗaure buhun wake a kasuwar Kore Mairuwa, Sahura matar Rabo ta kira ni a salula. "Sallau, abokinka ya cika." Na zauna a kan buhun. Allah ya jiƙanka, Rabo.

Tare muka tashi. Manomi ne, aji uku ya yi ya bar lakwal, amma Allah ya ba shi kunne. Idan ruwan fari ya sauka, kwaɗi suka ɗau kuka a tabkin bayan ƙauyenmu, sai ya tsaya ya ce, "Mai siririyar muryar nan bana ba ta zo da yawa ba." Mu yi ta yi masa dariya.

Shekara huɗu da suka wuce sai ga Rumaisa'u, 'yar Dogon Dutsi, tana karatun dokta a kan yadda jinkirin damina da saurin ƙafewar tabkuna ke rage kwaɗi. Na'urarta ta ɗaukar sauti ta nuna iri biyar. Rabo ya ce bakwai ne, ya shiga laka ya kamo mata sauran biyun. Tun ranar take ce masa Baba Farfesa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne gabashin tabkin. Tun kakanni ba a haƙar ƙasar tubali a can, wai iskar nan Doguwa ke zaune. Samarin masallaci, Bilyaminu a gaba, suka ce camfi ne, za su haƙa. Rabo kuwa ya san nan ne kwaɗi ke binne kansu da rani su jira ruwa. In aka haƙe, sun ƙare, karatun yarinyar ma ya tsaya.

Bai yi musu da kowa a kan iska ba. Ranar da suka zo, ya karɓi digar Bilyaminu, ya tona a hankali, ya ciro wani ƙaton kwaɗo a ƙame kamar dutse. Ya zuba masa ruwan buta. Can sai kwaɗo ya buɗe ido ɗaya.

"Ga Doguwar taku, Malam Bilyaminu. Wata takwas ba ci ba sha. Kai azumin Litinin ma sai ka yi ta duba agogo."

Aka tuntsire da dariya. Bilyaminu ya daɗe yana kallon kwaɗon yana tasbihi. Suka koma yamma da haƙarsu, gabas kuma Bilyaminu da kansa ya kewaye ta da ƙaya.

Makon jiya na je duba Rabo, yana kwance, murya ta yi ƙasa.

"Sallau, watan gobe ɗiyata Rumaisa'u za ta kare karatunta gaban malaman jami'a a Yamai. In ban tashi ba, ka je."

"Ni me na sani a kan kwaɗi?"

"Ba komai. Ka sa babbar riga ka zauna gaba. Duk abin da ta faɗa, ka gyaɗa kai."

"Shi ke nan?"

"Haka manya ke yi."