Karatun Saude a Gindin Katanga

Saude 'yar wani tela ce, mutumin Kano, da ya zauna a unguwar Shehuri ta Maiduguri tun kafin a haife ta. Sana'arta ɗinkin hula. Mijinta Umar Faruk kayan miya yake sayarwa, 'yarsu ɗaya, Rumaisa'u.

A shekarun da gari ya rikice, wata safiya aka zo aka tafi da Umar Faruk, bai sake dawowa ba. Daga baya wanda ya gani da idonsa ya gaya mata cewa maƙwabcinsu Malam Mikail ne ya nuna gidan. Dama sun daɗe suna rigima a kan magudanar ruwan da ta ratsa tsakanin gidajensu.

Ba gawa, ba zaman makoki, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. A wannan halin ta faɗa karatun ƙagaggun labarai. Sai ta karɓo hayar littafi a kasuwa, ta kulle ɗaki, hankalinta ya bar Maiduguri gaba ɗaya. Malamarsu ta Islamiyya ta ce mata ƙarya ce kawai da ɓata lokaci.

Saude ta ce, "Malama, ƙaryar nan ce ta hana ni zaucewa."

Da farko matan da aka zalunta a cikin labaran take bi. Sannu a hankali hankalinta ya koma kan mugayen, yadda marubuci ke shiga zuciyarsu ya fito da uzurinsu da tsoronsu. Ta fara ganin Malam Mikail ciki da waje, kuma ganin bai sanyaya mata rai ba.

Da ƙura ta lafa, matan unguwa suka riƙa taruwa a gidanta bayan la'asar, suna ɗinki tana karanta musu. Ana haka ɓarin jikin Malam Mikail ya shanye. Kullum akan fito da shi a kwantar ƙarƙashin darbejiyar gidansa, jikin katangar da ta raba su, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi.

Saude ta janyo tabarmarta zuwa gindin katangar. Ta buɗe littafi, amma abin da ke fita daga bakinta ba ya cikin takardar. Labarin wani mutum ne da ya nuna maƙwabcinsa. Ba ta mai da shi shaiɗan ba. Mai sahun gaba ne a masallaci, mai son 'ya'yansa. Zatonsa za a ɗan ba maƙwabcin kashi ne a sako shi, ya koyi ladabi. Ta faɗi yadda yake jin dakan matar maƙwabcin ta bayan katanga, ya ture kwanon abincinsa. Kullum ta ƙara kaɗan, da murya a sarari.

Matan suka ce, "Allah sarki, shi ma abin tausayi ne."

Wata rana Aisa, matar Malam Mikail, ta shigo. "Maman Rumaisa'u, Malam na son ganinki."

Ta same shi ya rame, baki a karkace. Da ƙyar ya ce, "Wa ya gaya miki zaton da na yi ke nan?"

"Ba kowa, Malam. Na zauna ne na zama kai."

"To tunda kin san abin da ke raina, ki yafe mini."

"Na sani, har na ji maka zafi. Amma yafiyar ba a hannuna take ba. Tana wurin Umar Faruk, ka nemo shi."

Washegari ta ci gaba daga inda ta tsaya. Aisa da ta ji komai ba ta sake tsayawa gaisawa da ita ba. Matan ma suka gane wanda ake nufi. Wasu suka daina zuwa, suna cewa ba a yi wa marar lafiya haka, wasu kuwa suka ƙara matsowa. Kafin damina ta faɗi, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa ƙauyen Dusuman, wurin ƙaninsa.

Can ya rasu. Saude ta sa hijabi ta je gaisuwa, saboda Aisa ba ta taɓa yi mata laifi ba. Da liman ya roƙa masa gafara, ta ɗaga hannu kamar kowa, amma ba ta ce amin ba.