Raƙumin da Ya Shiga Kwalekwale

Idan ruwa ya fara janyewa daga fadama, gidanmu na Haɗeja sai ya koma warin kifi da hayaƙi. Kakarmu Iya sana'arta banda, don haka wutarta ba ta mutuwa. Da an idar da magariba mukan kewaye ta, mu jikokinta bakwai, tana juya tarwada a kan raga, mu kuma muna jiran wadda za ta fashe a ba mu. Ba ta fara labari sai kowa ya yi shiru, sannan ta dube ni ta ce, "Maigida, ka ba ni izini?" In na ɗaga kai, sai labari ya zo.

Tana da labaran aljanun ruwa da na kura, amma wanda muka fi roƙo shi ne na Mamman Fallomi, kuma shi da gaske ya faru.

Mamman mai zane ne a Fallomi, kamar yadda ake kiran babban birnin Chadi a da. A can, in ji Iya, hotunansa har a bangon manyan otal ake rataye su. Da rikici ya tashi a ƙasarsu, 'yan shekaru bayan an samu 'yancin kai, ya taho da matarsa Ashe da gwangwani ɗaya na burushi, suka sauka a ɗakin da ke jikin namu. Ba ya jin Hausa, sai Larabcin Shuwa da ɗan Barbarci. Iya na jin Barbarci, shi ya sa ta zama bakinsa.

Ranar kasuwa ya shimfiɗa zanensa, duk raƙuma da rairayi. Mutane suka taru suna kallo, ba wanda ya taya. Wata mata ta shafa ƙyallen ta tambaya ko yana wankuwa, don tana neman abin rufe kwano. Haka ya yi kasuwa huɗu, daga nan ya naɗe kayansa ya koma dakon kwandunan kifi a bakin kogi. Wata rana Ashe ta shigo tana share hawaye, ta gaya wa Iya cewa mijinta ya ce zai zuba burushin nan a ruwa.

A lokacin kakanmu kullum sai ya yi cacar baki da wani masunci, saboda kwalekwalensu iri ɗaya ne, kowa na kwance na wani. Iya ta aika aka kira Mamman, ta ce ya yi wa jirgin mijinta alamar da ko makaho zai gane.

A nan Iya takan dakata, ta ɗaga tsinken juya kifi, mu kuma mun riga mun fara dariya.

"Raƙumi ya zana, 'ya'yan nan. Raƙumi da tozonsa, a jikin jirgin ruwa!"

Masunta suka yi ta dariya har wani ya faɗa kogi. Mamman ya ji kunya, ya shige ɗaki. Amma kakanmu ya tsaya ya daɗe yana kallon raƙumin, ya ce ai dabbar nan saura kaɗan ta yi numfashi. Hannun mutumin nan lafiyarsa lau, ƙasar ce bai gani ba tukuna. Washegari ya sa shi a jirgi suka nausa cikin fadama. Kwana uku yana nuna masa zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, da garken kirinjijiya, agwagin ruwan nan, da mata masu yankan shinkafa ruwa har gwiwa.

Da suka dawo, Mamman ya zana zalɓe da ƙarfasa a baki a jirgin abokin faɗan kakanmu. Kafin damina ta zagayo, babu jirgin da ba shi da tsuntsunsa. Da motoci suka yawaita, direbobin da ke kai kifi Kano suka fara jere a ƙofarsa. A bayan wata mota ne wani mai otal a Kano ya ga aikinsa, ya biyo direban har Haɗeja. Mamman ya koma zane a ƙyalle kamar da, sai dai yanzu fadamarmu yake zanawa. Na san shi da furfurarsa, yana Hausa da karin Haɗejawa, yana musu da masunta a kan launin cikin gaiwa.

Da ina yaro, abin dariya kawai na ɗauki labarin. Sai da aiki ya kai ni koyarwa a wani gari can kudu, na shekara ina ba yara misali da gero da rijiya, ba sa ganewa, har na fara tunanin ban iya koyarwa ba. Ran nan na ajiye alli, na roƙi wani dattijo ya zaga da ni gonakin garin. Duk abin da na iya yana nan tare da ni. Abin da na rasa kawai shi ne mutumin da zai ce mini, "Taso, in nuna maka inda ka zo."