Jirgin Ƙarshe na Umaru Bakabe

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Umaru makwancinsa a nan Greensboro, kuma har yau ban gama da shi ba. Kafin wani ya ɗauki waya ya ce Malam Tanko ya tsufa ya fara taɓa mamata, bari in yi bayani. Ni Bakatsine ne, shi Bakabe. Wasan da ke tsakaninmu tarar da shi muka yi, kakanninmu suka bar mana. Na tambayi limaminmu ko mutuwa tana soke shi, sai ya yi dariya ya shige mota. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, wannan dariyar na ɗauka a matsayin fatawa.

A tashar bas ta cikin gari na fara ganinsa, lokacin ina jan tasi. Ya sauko da jaka ɗaya da wani abu naɗe cikin tsohon zane, ya rungume shi kamar jinjiri. Da na ji Hausarsa na san daga wajen Argungu ya fito, sai na tambaye shi ko kifi ne ya kawo mana tsaraba. Ya buɗe mini. Gizago ne. Jama'a, mutum ya ƙetare teku, bai zo da yaji ba, bai zo da daddawa ba, ya zo da gizagon babansa. Tun ranar na san Allah ya haɗa ni da aiki.

Ya samu aiki a wata masana'antar kujeru da tebura, ya yi shekaru yana goge ƙafafun tebur. Da ya samu hali ya ɗauko iyalinsa, ya sayi gida a McLeansville, can inda gidaje suke nesa da juna. Hajiya Rabi, matarsa, ta ce ko ɗakunan bai duba ba. Gareji kawai ya shiga, ya auna tsawonsa da taku, ya fito ya ce gida ya yi.

Abin da ya kama shi kuwa wani irin jirgi ne da ya gani a kogunan duwatsu na yammacin jihar nan. Gindinsa shimfiɗe yake, gaba da baya sun ɗaga sama kamar yankin kankana. Matuƙi yana zama a tsakiya da filafili biyu, fuskarsa na kallon inda ruwa ya nufa. Kogi ne ke tafiya da jirgin, shi aikinsa ya riƙa ja da baya yana rage masa gudu, yana kauce wa duwatsu, mai fatsa kuma yana gaba yana jefa ƙugiya. Umaru ya dawo daga tafiyar nan kamar wanda ya je ganin amarya. Sifar ta yi masa, amma yadda masu jirgin ke haɗa shi da siraran alluna da gam bai yi masa ba ko kaɗan.

"Wanga akwati ne," in ji shi. "Ni jirgi za ni yi."

Haka ya yi nasa irin na garinsu: falankai masu kauri, ƙusoshi, auduga a cusa tsakanin katako da katako, a bi da kwalta. Ni kuma ya ba ni muƙami. Ya ce gaban jirgi yana son nauyi, kuma Allah bai halicci komai a banza ba, har Bakatsine. Shekaru na yi ina zama a gaban jiragensa, sanye da rigar hana nutsewa guda biyu, ɗaya kan ɗaya. Ban taɓa kama ko tarwaɗa ba. Amma ina so a rubuta cewa babu jirgin da ya taɓa kifewa ina cikinsa, kuma ba kowane ma'aikaci ne zai iya faɗin haka game da aikinsa ba.

Akwai abu ɗaya da yake yi wa kowane sabon jirgi. Maƙwabcinsa wani dattijon Bature ne mai gona da tafki, muna kiransa Mai Shanu. Ran da Umaru ya gama jirginsa na farko, muka ja shi zuwa tafkin, ina jiran a ce bismilla a shiga. Sai na ga ya cika shi da duwatsu, ya tura shi, ya tsaya yana kallo har ya nutse. Wata shida yana aiki, ya nutsar da shi da hannunsa! Na kama kafaɗarsa na ce mu je asibiti.

"Sake ni, ɗan tudu," ya ce. "Katako ƙishirwa shi ka ji. In ya sha ya kumbura, duk wata kafa sai ta rufe."

Bayan 'yan kwanaki muka ciro shi, muka kwashe ruwan, ya hau kan tafki yana rausaya, cikinsa ko digo babu.

Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Samarinmu yanzu suna zuwa kamun kifi da jiragen roba, da wata na'ura mai nuna musu kifin a gilashi tun kafin su jefa ƙugiya. Na san zai ce saura su aika wa kifin saƙo ya zo da kansa. Majalisarmu ta bayan Juma'a, wadda ya saba cika ta da labarin kogi, yanzu babu abin da ake tattaunawa sai hawan jini da sukari da wanda likitansa ya fi kirki. Kifin da muke ci kuma daga firji yake fitowa, sandararre, ba wanda ya san ruwan da ya sha. Da yana nan da ya hana mu sakat. To, ba ya nan, mun samu sakat ɗin, kuma babu daɗi.

Jirginsa na ƙarshe ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya gama shi sarai, ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya shafa kwalta, saura a kai shi tafki. A wannan makon ne ciwo ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Jirgin nan bai taɓa ruwa ba. Hajiya Rabi ta rufe shi da tamfol, ya zauna a gareji duk shekarun nan, ba mai taɓa shi sai ni, in na je gaisuwa in ɗaga tamfol ɗin in zage shi kaɗan a madadin mai shi.

Bana Hajiya ta ce gwiwoyinta sun gaji da zaman kaɗaici, za ta sayar da gidan ta koma wurin 'yarsu Zainab a Sedgefield. Zainab tana aikin haɗa magunguna, tana da gidanta, amma unguwarsu irin wadda ko ciyawar ƙofar gidanka ta yi tsawo sai an yi maka magana ce, balle ka ajiye jirgi. Sai ga wani mai shagon kofi a titin Elm ya ji labari ya zo ya gani. Mutumin kirki ne, har takalmi ya cire da zai shiga gaida Hajiya. Ya ce yana so, zai sa zarto ya raba shi biyu, ya jingina kowane rabi da bango ya jera kofuna a ciki. Ya ce zai manna sunan Umaru a jiki.

Muka taru a garejin mu uku, ni da Hajiya da Zainab. Zainab ta yaye tamfol, ta tsuguna ta leƙa ta tsakanin falankan. Shekara bakwai na bushewa sun buɗe su, audugar ta zazzago.

"Baba Tanko, zo ka gani," ta ce. "Ina hango takalminka ta nan. Honestly, wannan ba zai tsaya kan ruwa ba. Gara a ajiye shi inda mutane za su riƙa ganinsa."

"Su gan shi a yanke? Ubanki ya yi jirgi, ke ki mai da shi kabad?"

"To ina za mu kai shi?"

Sai na ɗaga murya. Na ce in za a yanka shi a haɗa da ni, a jera kofunan a kaina. Na kawo tarihi, na kawo zumunci, har na fara jawo wani hadisi da ban tabbatar da shi ba. Hajiya ta bar ni na gama. Ita ma 'yar bakin kogi ce, kuma ba ta da yawan magana.

"Alhaji Tanko, ka gama? Zainabu, ke ma kin gama? Ku kai shi shi sha ruwa. In ya tashi, jirgi ne, ba mai taɓa shi. In bai tashi ba, katako ne, mai kofi shi zo da zartonai."

Gaskiya ban san ko zai tashi ba. Na ga sabon katako ya sha ruwa ya rufe, amma ban taɓa ganin wanda ya shekara bakwai a tudu ba, kuma wanda zan tambaya yana maƙabarta. Mai Shanu shi ma ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da gonar. Da muka yi masa bayani ya ce ya tuna, tun yana yaro yake ganin mutumin nan mai nutsar da jiragensa. Ya kawo tarakta ya ja mana. Ba mu ma nemi duwatsu da yawa ba. Jirgin ya shige ruwa da sauri kamar dama jira yake.

Kullum da safe sai in tuƙa mota in je bakin tafkin in tsaya, kamar mai dubiya a asibiti. Ba abin da ake gani sai hancinsa da ya ɗan leƙo. Na matsa a ciro shi, Hajiya ta hana, ta ce mai ƙishirwar shekara bakwai ba a ƙwace masa kwano. Sai da ta ga dama, wata Asabar da hantsi, ta ce a je.

Muka jawo shi gaɓa, muka kwashe ruwan da bokiti, muka tura. Ya tsaya. Zainab ta shiga tsakiya ta kama filafilai, don tun tana 'yar makaranta uban ya koya mata, kuma hannu bai manta ba. Ni na koma bakin aikina a gaba, da rigunana biyu. Muka bar gaɓa. Ina duba gefen dama, a bushe. Gefen hagu, a bushe. Har na buɗe baki zan yi wa Hajiya kirari daga nesa, sai na ji sanyi a tafin ƙafa. Falanki ɗaya, daidai ƙarƙashina, yana tsartuwa kamar an buɗe famfo. Kafin mu kai tsakiyar tafki ruwa ya rufe mini idon sawu. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Zainab ta juya jirgin ta dawo da mu.

A gaɓa gardama ta tashi. Na ce ya tashi, tunda ya kai ni ya dawo da ni da raina. Zainab ta ce jirgin da ke shan ruwa haka ba a ce ya tashi ba, kuma na ga ba don tana son a yanka shi take faɗa ba, gaskiya ce ba ta iya tauyewa, irin ubanta. Hajiya ta dogara sandarta ta zo ta sunkuya, ta bi falankan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Da ta zo kan wancan ta danna, yatsan ya shige.

"Guda ne ya mutu," ta ce. "Sauran duk sun sha. A sake shi."

"Mama, wa zai sake?" in ji Zainab.

Mun san wanda ya iya, mun san inda yake. Zainab ta daɗe tana kallon ramin da yatsan uwarta ya bari, sannan ta tambaya ko an riga an saka kayan aikin Baba cikin kayan da za a bayar. Hajiya ta ce suna nan. Daga nan aka zo maganar inda za a ajiye jirgin, sai na ga uwa da 'ya sun juyo suna kallona a tare. Na waiwaya ko akwai wani a bayana. Babu.

Yanzu an sayar da gidan McLeansville, Hajiya tana Sedgefield, mai kofi ya yi mana fatan alheri. Jirgin Umaru yana cikin garejina, motata tana kwana a waje, uwargidana kuma tana tuna mini da haka duk ranar da aka yi ruwa. Kowace Asabar Zainab tana zuwa ta ɗaure kai ta kama aiki. Takan kira ƙanin babanta da ke gida ta waya mai hoto, ta jingina wayar da gwangwanin kwalta, shi kuma yana ta ihu daga Kabi wai ta riƙe gizago kamar mai yanka albasa. Ta riga ta lalata falanki biyu. Na farko ya yi gajere, na biyu ya tsage wajen lanƙwasawa.

In an tambaye ni abin da ya rage na Umaru bayan shekara bakwai, ba zan ce suna ba, don yaran da ke tasowa a masallacinmu ba su san shi ba. Gidan ma wasu ne a ciki. Abin da na ga ya rage shi ne aiki da bai ƙare ba, da mutane uku da ya hana su hutawa. A wurina wannan ya fi allo mai suna a bangon shago, ko da yake ni ba malami ba ne. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa duk Asabar ɗin da ya cinye mini.

Umaru, in ana kai muku labari, ɗiyarka ta iya tuƙi, amma sassaƙarta sai addu'a. Falanki na uku yana kan benci. Ta ce kada in je ko'ina ranar Asabar, tana bukatar mai riƙe mata. Na ce mata ina da ɗaurin aure a Raleigh. Ƙarya nake yi, ina gida.