Rigar da Na Yanka da Takardun Goggo

Da Goggo, ƙanwar mahaifina, ta rasu, bayan sadakar arba'in aka fito da kayan ɗakinta tsakar gida, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Aka bar keken ɗinkinta, don sai mutum uku ke ɗaga shi, da wani koren akwatin ƙarfe da ba wanda ya damu ya buɗe. Ni na zo a makare daga makarantar da nake koyarwa, saboda haka aka ce nawa ne. Aka ɗora su a kura daga gidanmu na Ƙofar Ruwa zuwa gidan aurena a Ɗan Agundi.

Akwatin cike yake da takardu. Tun Goggo tana amarya ta koyi ɗinki a wani ajin mata, inda aka koya musu su fara yanka riga a takarda, sannan su ɗora takardar a kan yadi su bi gefenta da almakashi. Ita da takardar buhun siminti take yin nata. Kowace riga daminta daban, an ɗaure da ƙyalle, ga gaba, ga baya, ga hannu, ga wuya, ta rubuta sunan rigar a sama da ajami. Kyankyasai sun ci rabonsu.

Ban iya ɗinki ba, in ban da kalmasa zane da mayar da maɓalli. Amma akwai bikin 'yar yayar mijina nan da wata biyu, kuma na gaji da zaryar shagon tela ina jin "ki dawo jibi". Na zazzage damman a kan tabarma ina karantawa. Ajamina na makarantar allo ne, ya daɗe a ajiye. Na ga "sallah", na ga "makaranta", sai na ga wani dami mai kauri da aka rubuta wa haruffa biyu kacal. Takardar ta ɓule sama da ƙasan harafin farko, ɗigonsa ya tafi. Na karanta "biki". Na ce shi ke nan, Goggo ta gama mini aiki.

Na kai wa mahaifiyata damin don ta nuna mini yadda ake haɗawa. Inna ta shimfiɗa takardun a cinyarta, ta dube su, ta dube ni, ta sake duban su.

"Wannan za ki ɗinka?"

"Ita, Inna."

"Wa za ki ɗinka wa?"

"Ni mana."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "To. Allah ya inganta." Ta nuna mini inda ake tattarawa a ƙasan ƙirji, da inda ake sa igiya biyu a gefe. Da zan tafi ta hana ni ɗaukar buhun gero da na saba kai mata madafi, ta ce a bar shi nan. Na ɗauka tsufa ne ya fara sa ta tausayi.

Na sayo zare da kwarkwaro da man keke a Ƙofar Wambai, na fito da wata atamfa ruwan goro da na daɗe ina ɓoyo. Mako uku ina taka keken nan kullum bayan la'asar. Na karya allura huɗu. Na ɗinka hannun hagu sau biyu, sai da na farke ɗaya. Mijina, wanda nake kira Malam, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki," da irin muryar da ake gaida mai jinya.

Rigar ta fito. Kafaɗunta a kumbure, ƙirji daidai, daga nan kuma sai ta baje kamar laima. Gabanta ya fi bayanta tsawo da kusan taƙi ɗaya. Na auna takardar, na ga haka Goggo ta yanka, na ce yayin zamaninsu ne. Na ɗaure igiyoyin gefe, na kafa ɗauri, na yafa mayafi, na tafi yinin biki.

Ban taɓa samun karramawa a dangin miji irin ta ranar ba. Ina cire mayafi wata tsohuwa ta tashi daga kujera ta ce in zauna. Wata ta kawo filo ta cusa mini a baya. Na miƙe zan taya su ɗaukar kular shinkafa, mata uku suka yi kaina a tare. Aka kawo wa kowa zoɓo mai ƙanƙara, ni aka kawo mini marar sanyi, da agwaluma biyar a faranti. Yayar Malam, uwar amarya, wadda shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya raba lafiya." A lokacin akwai 'yar taƙaddama tsakanin dangin ango da na amarya kan kayan gara, na ɗauka ita take nufi. Na ce, "Amin, Yaya. Ai abin ya kusa zuwa ƙarshe." Ta ce, "Ikon Allah! Har ya kusa?"

Washegari Malam ya dawo daga masallaci da azahar, ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya riƙe.

"Yaya ta kira ni," in ji shi. "Ta ce in daina barin ki kina hawa adaidaita."

"Saboda me?"

"Ta ce ramukan hanya. Ta kuma ce ni mutumin banza ne da na bari ta ji a bakin duniya." Ya juya hular. "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Autanmu yana ajin ƙarshe a sakandare. Babbar 'yarmu tana goyo. Na dubi Malam, na dubi rigar da ke rataye a ƙusa da gabanta yana jan ƙasa, na sa hijabi na nufi Ƙofar Ruwa.

Na samu Inna tana tsince wake. Na ajiye takardar a gabanta na ce, "Inna, me aka rubuta a nan?"

Ko dubawa ba ta yi ba. "Ciki."

"Ba biki ba?"

"Ɗigo uku ne a sama. Ina yake? Oho, an cinye." Ta ci gaba da tsintar wake. "Rigar masu juna biyu ce. Da irinta na haife ki."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Ni na ɗauka ke ce kike gaya mini. Na ce yarinyar nan akwai kunya, ta rasa bakin magana, ta kawo takarda."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Yayar mijinki kawai."

Na zauna a kan turmi. Can sai Inna ta ture farantin waken, ta ɗauki takardar gaban rigar tana lallatsa inda ta lanƙwashe. Ta ce a da duk macen da ta samu ciki a layin nan, ba sai ta yi magana ba, turmin atamfa kawai za ta aiko wa Goggo. Goggo ta ɗinka sun fi a ƙirga. Kafin ta bayar takan rufe ɗaki, ta ɗaura filo a cikinta, ta sa rigar ta ga yadda gaban zai sauka. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Inna ta ce sau ɗaya ta taɓa shiga ba sallama ta same ta a haka gaban madubi, ta ja ƙofar ta fita, ba su taɓa tayar da maganar ba har ta rasu.

Na kira Yaya a waya na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na gane, ba sai kin ɓoye mini ba." Ta shiga aiko da kunun gyaɗa duk Juma'a har wajen wata biyar. Malam ne yake shanyewa.

A hutun makaranta na kwaso akwatin gaba ɗaya na kai wa Inna. Muka yi kwana uku tana faɗa ina rubutawa da biro a boko. Ashe akwai ta biki ta gaske a can ƙasa, sai dai babu takardar hannunta. Inna ta ce ta tuna yadda yake, ta zana a bayan tsohuwar kalanda. Na ɗinka, hannun ya tsaya a gwiwar hannu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Na sa ta ranar da aka koma makaranta. A ɗakin malamai wata malama ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi wane tela ne ya yi mini. Na ce ni ce. Ta ce alhamdu lillahi, da ma tana tsoron kada ta kai masa kayanta.