Mai Ƙaho Kusa da Tuta

Shekara goma sha biyar ke nan da muka binne mahaifina, Baba Tanko, a nan Jidda, kuma makon jiya na yi musun sana'arsa a cikin ɗakina.

Mai busa begila ne a rundunar soja a Sudan. Da ya zo Hajji bai koma ba, ya kama gadi a shagon wani Ba'italiye a unguwar Balad. Mu 'ya'yansa da muka tashi a unguwar Karantina, idan aka tambaye mu sai mu ce soja ne, halas, shi ke nan. Kun dai san yadda mutanenmu ke ɗage hanci idan ɗan mabushi ya zo neman aure.

Ba'italiyen nan ya taɓa ba shi wata tsohuwar kalanda mai hoton sojojin Rum na dā, sassaƙe a jikin dutse. Bai rataye ta ba, a murfin akwati ya manna ta. Ranar Juma'a yakan buɗe ya nuna mini.

"Dubi kumatun mabusan, Sani, ta nan ake gane su," in ji shi. "Mai miƙaƙƙen ƙahon nan kamar kakaki, shi ke kiran a afka wa abokan gāba. Wannan da ƙahonsa ya zagayo kafaɗa, da sanda a tsakiya, ga fatar dabba a kansa, dubi inda aka tsayar da shi. Kusa da tuta! Ba a bayan gida ba."

Makon jiya saurayin 'yata Hawwa ya dawo daga Italiya, ya zo gaishe mu tare da mahaifinsa, Alhaji Bukar. Ya fito da hotunan da ya sayo, sai ga hoton dutsen nan na kalandar Baba. Hawwa ta nuna mai ƙahon ta ce, "Wannan baka ne ya rataya?"

Bakina ya riga ni. "Ina baka! Ƙaho ne, ba ki ga kumatunsa ba?" Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bayani.

Alhaji Bukar ya ajiye kofin shayi. "Ikon Allah. Malam Sani, a ina ka san busa haka?"

Na dubi Hawwa, na tuna an kusa sa rana. Na ce, "A rediyo na ji." A rediyo, jama'a! Hoto a rediyo!

Da Baba na nan na san ba zai yi faɗa ba. Zai rufe akwatinsa ne a hankali, abin da ya fi mari zafi. Mutanen da ba su san shi ba sun sassaƙa irinsa a dutse, ni da na ci tuwon begilarsa na kasa faɗin sunanta. Wallahi kunya ta hana ni sakewa tun ranar.

Na gaya wa Hawwa komai, ta ce in rubuta a jarida. Alhaji Bukar yana karanta jaridar nan duk lokacin da ta iso. Alhaji, ba a rediyo na ji ba. Ubana mabushi ne, Allah ya jiƙansa, jikarsa kuke nema.