Matar da Ke Ɗebo wa Matattu Ruwa

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah ne shaidata. Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan kowa ya hau gini, ni ina birkila a Keffi, sai aka ba ni aikin ɗaga katangar wata tsohuwar maƙabartar mishan a wani ƙauye can bayan Jigwada. An daɗe da daina binne mutane a cikinta, an buɗe sabuwa a bakin titi, shanu ne kawai ke shiga suna tattake kaburbura.

Kullum da hantsi wani tsoho mai suna Baba Yohanna zai zo da tulu a kafaɗa, yana tafiya yana hutawa, ya ajiye shi a bakin ƙofa. Ni da shegen tambaya, na ce, "Baba, wa kake kawo wa ruwa a nan?"

Ya ce, "Ɗana, matata nake rage wa aiki."

Ashe a da shi ne kukun wani Fada, wato limamin coci, Bature ɗan ƙasar Ailan, wanda shi ma kabarinsa na ciki. Fadan ne ya taɓa ba shi labari cewa a ƙauyensu can Ailan, wanda aka binne ƙarshe shi ke ɗebo wa sauran matattu ruwa, ba hutu, sai an kawo wani ya karɓe shi, har akan yi rige-rigen shiga da gawa idan biyu suka haɗu a ƙofa. To matarsa Saratu ita aka binne ƙarshe kafin a rufe wurin. Ya ce, "Ta yi ta ɗebo ruwa a duniya, can ma ba ta huta ba. Na roƙi yarana su sa ni nan in karɓe ta."

Na yi dariya a raina, na ce tatsuniyar Turawa ta kama tsoho.

Wata rana da azahar, tsakiyar rani, ina kwaɓa siminti ni kaɗai, sai ga wata mata siririya da tulu a ka tana bin kaburburan ɗaya bayan ɗaya tana tsiyaya musu ruwa. Na ce sannu da aiki, Inna. Ta juyo, wallahi ban taɓa ganin gajiya irin ta fuskar nan ba, leɓunanta duk sun tsattsage. Ta ce a hankali, "Har yanzu bai zo ba?"

Na sunkuya in ajiye cokalin gini, ina ɗagowa babu kowa. Innalillahi! Na zaga ko'ina, babu sawun ƙafa, amma kowane kabari a jiƙe yake har na Fadan, sai guda ɗaya can ƙarshen layi, busasshe ƙayau. Na duba gicciyen da ke kansa, sunan Saratu ne.

Da na gaya wa Baba Yohanna bai ko yi mamaki ba, zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro, ni ma sai da na share hawaye.

Damina ba ta faɗi ba ya rasu. Na je na sami babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati ne, na ce don Allah a cika wa tsohon nan burinsa. Ya ce, "Malam, mun gode, amma ba za mu jefa babanmu a daji inda shanu ke kiwo ba." Suka kai shi sabuwar maƙabarta, suka yi masa kabari mai kyau da farin fenti.

Bayan shekaru na bi ta wurin da rani na leƙa ta katangar da na gina. Kaburburan a jiƙe, nata a bushe. Ban san mene ne ba, ni Musulmi ne, ban ce na yarda da zancen Fada ba, amma har yau in na ga mace da tulu da tsakar rana sai tsikar jikina ta tashi.

Don Allah, in tsohonku ya faɗa muku inda yake so a kwantar da shi, ku kai shi can. Ba ku san wa ke jiransa ba.