Akwatin da Na Haɗa wa Alhaji Ilyasu

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Alhaji Ilyasu na Tamaske ya shigo shagonmu a Madawa rungume da kwali ba, kuma ba na jin zan manta har ƙasa ta rufe idona. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara, don ba labarin gwaninta zan ba ku ba.

A lokacin ni ne babban teknisiyan, ni ke fita gidajen mutane haɗa sola da intanet, patron ɗinmu Malam Sule kuma yana shago yana karɓar aiki. Watan Yuli ne, an gama shuka. Cikin kwalin akwai kaset talatin da ɗaya. Alhaji ya daɗe yana ci-rani a Abijan tun kafin zuwan salula, zamanin da wanda bai iya rubutu ba yake yin magana a kaset, a ba matafiyi ya kai. Dukansu muryar mahaifiyarsa ce, Inna Hadiza, wadda ta rasu shekara tara kafin nan. Ko hotonta ɗaya babu, don ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Ya ce, "So nike a zuba min su wuri guda, ɗiyana da jikokina su riƙa jin ta ga tele da salula. Rediyon ya mutu, babu mai gyara shi."

Abin da yake nema shi ne akwatin ajiya, na'ura mai diski a ciki da ke zama a kunne, a haɗa ta da wifin gida, kowa ya buɗe daga inda yake. Hanya biyu ce. Ko a sayo haɗaɗɗe daga Yamai, mai diski biyu, abin da ya shiga ɗaya sai ya kwafu a ɗayan, in ya ji zafi ya yi ƙara ya kashe kansa. Ko kuma ka ɗauki tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ka haɗa naka.

Patron ya ce a yi odar haɗaɗɗe, ko da za a jira mako uku. Na yi dariya na ce, "Patron, wanga ai na malalata ne. Kwana huɗu na haɗa wanda ya hi shi ciki." Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam Idi, kai ka da sani. In muryar uwarka ce, wane za ka ɗauka?" Na bugi ƙirji na ce nawa. Patron ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kujerarsa.

Na haɗa shi kuwa, da diski biyu. Amma maimakon in sa ɗaya ya zama kwafin ɗaya, sai na game su suka zama rumbu guda babba, saboda 'ya'yan Alhaji suna son a zuba musu kokawa da wa'azi da bidiyon bukukuwa. Na ce wa kaina zan dawo da diski na uku in yi kwafi. Kaset kuma ba a yi masa gaggawa, sai ya juya daga farko har ƙarshe, don haka kwana tara na yi ina jin tsohuwar nan. Tana ba shi labarin ruwa da akuyar da ta haihu, tana ce masa, "Ilyasu, ka riƙa cin abinci, kak ka bar salla," ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na saba da ita kamar kakata. Da na gama, na goge abin da ke ordinatar shago saboda babu sauran wuri a cikinta.

Ranar da na kafa akwatin a falonsa, na bar gefe ɗaya a buɗe don iska. Muryarta ta fito a tele, Alhaji ya rufe fuska da babbar riga. Da zan tafi ya tambaye ni, "Kaset-kaset ɗin hwa?" Na ce, "Alhaji, sun gama aikinsu. Ko zubar da su ka yi, babu komi." Wannan maganar ita ke cina har yau.

Alhaji kaɗai na yi wa bayanin cewa akwatin yana buƙatar iska. Ban tambayi wa ke gyara ɗakin ba. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ga abin da ke ɗauke da muryar surukarta a ƙasa, ciki a buɗe, wayoyi a waje, sai abin ya dame ta. Ta ɗinka masa riga mai ado, ta sa shi cikin kabad tare da kwanoninta na alfarma, ta fitar da waya ta baya, ta rufe gilashi. Girmama shi ta yi. Ni kuwa damina ta wuce ban koma da diski na uku ba.

Farkon watan Oktoba, ana tsakiyar zafin kaka, Alhaji ya kira ya ce tele ta daina magana. Na hau babur na tafi. Ina buɗe kabad zafi ya bugi fuskata, diski ɗaya yana ƙas-ƙas. Tunda na game su, mutuwar ɗaya mutuwar duka ce. Na daure na ce, "Ba komi, Alhaji, kawo kaset-kaset ɗin in sake."

Ya sa takalmi ya ce in biyo shi. Muka fita bayan gari zuwa gonarsa. Ashe da gero ya fara nuna tsuntsaye sun sauka, ƙanensa ya roƙi kaset-kaset ɗin don korar su, shi kuma ya ba shi tunda na ce sun gama aiki. An zare su duka, an ɗaɗɗaura zaren a sanduna daga wannan iyaka zuwa waccan, yana walƙiya, iska na kaɗa shi. Rana da ruwa sun riga sun cinye shi. Na kama wani da hannu, baƙin ya goge a yatsuna. Sai na zauna a kan kunyar gero.

Alhaji ya ce, "Tashi, Malam Idi. Haka Allah ya so." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Da muka koma gida, Hajiya tana kuka daga bayan labule tana tambaya ko ita ta ɓata. Na ce mata a'a, ni ne. Patron ya aika diskin Yamai, bayan wata guda ya dawo babu abin da aka ciro. Bai taɓa yi mini gori ba.

Abin da na koya ke nan. Haɗaɗɗe ko na hannu, duk wanda za ku kafa, ku yi kwafi kafin ku bar gidan, ba gobe ba. Ku yi wa mai shara bayani kamar yadda kuka yi wa maigida. Kada bakinku ya taɓa ce wa mutum ya zubar da na asali. Mutanen nan ba injin suka amince wa ba, mu suka amince wa.

Bara na gamu da Alhaji a kasuwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Ka san, yanzu in na ruhe ido ina biɗar muryarta, ba ta zuwa." Ya tambaye ni ko na tuna yadda take dariya. Na buɗe baki in kwatanta masa, na kasa. Mataccen diskin yana nan cikin durowata, ni da na ce wa wani ya zubar, na kasa zubarwa.